Cindo da Katin da Kwamfuta Ta Ƙi Gani

A wata tunga ta masunta da ke bakin ruwa tsakanin Yelwa da Wara, akwai wani bawan Allah mai gyaran injin kwalekwale, ana ce masa Cindo. Sunansa na yanka Abdulrahman ne, amma ban da innarsa babu mai tunawa. Shi da kansa Injiniya yake kiran kansa, kuma ya rubuta da jan fenti a jikin rumfarsa cewa yana gyaran kowane irin inji.

Tsakani da Allah, ba a taɓa kai masa inji ya ƙi tashi ba. Matsalar ita ce a bakin gaɓa kawai yake tashi. Sai ka yi nisa, tunga ta ƙanƙance a bayanka, sannan injin zai yi tari ya yi shiru. Shi ya sa duk wanda Cindo ya yi wa gyara ba ya shiga ruwa sai da filafilin tuƙi da hannu, mai hankali ma har da guzuri. In an dawo a gajiye an yi masa magana, sai ya ce, "Ai ruwan ne yac canza, ba injin ba."

Duk da wannan cika baki, akwai abu guda da ke ci masa rai: ba a taɓa yi masa takwara ba. Liman, Malam Jabir, takwarorinsa sun cika unguwa. Wakili maƙwabcinsa mai kwalekwale, wanda ko sifana bai iya riƙewa ba, shi ma an yi masa. Amma Injiniya guda, furfura ta fara leƙowa a gemu, 'ya'yansa duk mata, ko ɗan akuya ba a taɓa sa wa sunansa ba. Duk ranar suna yakan riga kowa zuwa, ya zauna daf da liman ya kasa kunne, ya tashi da goro ɗaya da baƙin ciki.

Ana nan sai Halimatu, matar ƙanensa Sahabi, ta haifi namiji. Sahabi tela ne a Jidda, da ƙaramin ciki ya bar ta ya tafi. Kafin haihuwar ya aiko da tsohuwar kwamfutar shagon da yake aiki, mai akwati da faffaɗan allo, tare da wata 'yar na'ura da ake kira rauta, wadda aka ɗaure a kan dogon gora a tsakar gida, tana jawo sabis daga Yelwa tana raba wa wayoyin gida. Saboda mahaifiyarsu Inna Talatu ya yi haka. Idonta ya yi rauni, in an nuna mata Sahabi a waya sai ta ce ita ƙuda take gani. Daniel, mai shagon kwamfuta a kasuwar Yelwa, shi aka ɗauko ya haɗa komai. Cindo bai yafe wannan ba.

Saura kwana biyu suna, Sahabi ya kira shi.

"Yaya, ran suna a hiddo kwamfutar nan ƙofar gida, Inna ta gan ni, kowa ya gan ni. Sunan yaro ba ni faɗa ma kowa sai ina kallonku kuna kallona. Kai na damƙa ma aikin ga. Akwai magana bakina da nike so ka ji da kyau."

Cindo ya ajiye waya. Shi dai ya gama lissafi: in fuskar Sahabi ta fito a allo, yaro ya zama Abdulrahman. In ba ta fito ba kuwa, ga Alhaji Sadiq can, mahaifin Halimatu, mutumin da ya kawo rago mai ƙahon da ya murɗe har sau biyu.

"Sadiq za a sa," in ji Wakili, yana ɗinkin taru. "Kai mi ka kawo?"

"Ilimi," in ji Cindo.

"To a yanka shi mu ci."

Ranar jajibirin suna da hantsi aka fito da kwamfuta zaure don gwaji. Aka tada janareta, Cindo ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya danna. Kwamfuta ta tashi lafiya lau, ta kama rauta nan take. Sai dai komai na cikinta da Larabci yake, shi kuwa Larabcin Cindo a ƙananan surori ya tsaya. Ya ƙura wa allo ido, gumi ya fara tsattsafo masa.

Malam Jabir ya leƙo ta kafaɗarsa. "A'a, ai da sauƙi. Wanga 'buɗe' yac ce. Wancan kore kuwa 'kira'. Danna shi mu gani."

Cindo ya dubi liman. Ya hango gobe: liman na karantawa, shi yana dannawa kamar yaron shago, Sahabi na cewa Allah ya saka wa Malam, a wayi gari an sake samun wani Jabir a unguwa. Ina! Ya ɗaga hannu.

"Kar kowa ya taɓa! Inna lillahi. Ta kamu."

"Da mi?" in ji Malam.

"Ƙwayar cuta. Ku duba da kyau, komai ya juye, daga dama yake tahowa hagu."

"Cindo, Larabci ai haka yake."

"Na littafi, Malam. Na inji daban ne. Kai ka riƙe naka fanni, ni in riƙe nawa. Sai an wanke mata ciki tas, an zuba mata sabon tsari na Turanci."

Matarsa Hussaina tana daga bakin ƙofa da tiren kifi a ka. Ta ce wa mijin nata, "Malam, abin da ke aiki ne za ka gyara?"

"Ke da kike bandar tarwaɗa, mi ya haɗa ki da kimiyya?"

"Ba komi. Na dai ga duk abin da ka gyara, da filafili ake maido shi."

Ya yi kamar bai ji ba, ya hau babur sai Yelwa. A shagon Daniel ya tsaya daga bakin ƙofa, don kada a ce ya shiga, ya ce a ba shi filashi mai sabon tsari.

Daniel ya cire tabarau. "Wace kwamfuta? Ta Sahabi? Oga Cindo, lafiyarta ƙalau, ni na haɗa ta. In yaren ne ya dame ka, ana canza shi ba tare da an goge komai ba."

"Wa yac ce yare ya dame ni? Kai ba ka ga cutar ba, ni na gani."

"To shi ke nan. Amma ka saurara. A bayanta akwai wani kati mai 'yan eriya biyu, shi ne ke kama netwok. Tsoho ne, sabon tsarin bai san shi ba. Ga filashi na biyu, akwai direbansa a ciki, wato 'yar manhajar da za ta gabatar da su ga juna. In ba ita, kwamfutar ba za ta ma san tana da kati ba."

Cindo ya dubi masu sayen caja da suka tsaya suna saurare, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni da filashi biyu? Wanga ɗayan ma don kar ka ji haushi na karɓa. Ajiye ma almajiranka na koyo." Ya jefa ɗaya a aljihu, ya bar ɗayan a kan tebur, ya yi gaba.

Bayan azahar zaure ya cika maƙil. Cindo ya soka filashi, rubutu ya fito da Turanci, ya karanta da ƙarfi harafi bayan harafi don kowa ya shaida. Da kwamfuta ta tambaya ko a goge duk abin da ke cikinta, sai da ya miƙe tsaye, ya juya ya kalli jama'a, sannan ya danna da ɗan yatsansa na shida, wanda ya ce don irin wannan rana Allah ya ba shi. Wani layi ya fito yana cika a hankali. Cindo ya aika a sayo masa shayi.

Bai kai ga kurɓa ba layin ya tsaya. Wani akwatin saƙo ya fito a tsakiyar allo. Cindo ya karanta, ya sake karantawa, wannan karon a zuci.

"Mi tac ce?" in ji Wakili.

"Gaisuwa ce."

"Gaisuwa da jan rubutu?"

Abin da ta ce shi ne ba ta gano katin netwok ba, kuma ba za ta ƙarasa ba sai an haɗa ta da netwok. A ƙasa ta jero sunaye rututu, ta ce in an san direban katin a zaɓa. Cindo ya leƙa bayan akwatin kwamfutar. Ga kati nan daram, da 'yan eriyarsa biyu a miƙe kamar kunnen zomo. Ransa ya ɓaci.

"Ƙarya kike! Ga shi nan jikinki!"

Ya koma kan sunayen. Babu wanda ya taɓa ji. Ya zaɓi mafi tsawo, don a ganinsa shi ne babba. Kwamfuta ta yi ɗan tunani ta dawo da akwatinta. Ya zaɓi wanda ya yi kama da sunan wani injin kirki da ya sani. Ta dawo da akwatinta. Ya rufe ido ya yi bisimilla ya dangwala. Akwati dai. Daga nan jama'a suka shiga zaɓe, kowa na ihun a danna nasa, har wani tsoho ya yi fushi ya fita don an tsallake wanda ya nuna da sanda.

"Ku yi shiru!" in ji Cindo. "Na gane matsalar. Fulogi ne."

"Kwamfuta na da fulogi?" in ji Malam Jabir.

"Kowane inji na da abin da ke zama fulogi gare shi. Wanga ya taho tun daga Jidda cikin jirgin ruwa, gishiri ya kama mai baki."

Ya ɗauko sukudireba ya kwance murfi, ya fizgo katin. A gindinsa akwai wasu 'yan haƙora masu ruwan zinare. Ya ɗaga wa jama'a. "Kun gani? Tsatsa. Har ta yi rawaya." Ya tsoma shi a gwangwanin fetur, ya kawo samfefa ya dirje haƙoran nan har suka yi fari fes. Ya hure, ya tsotsa, ya tofar, kamar yadda yake yi wa kafireton inji. Da ya ga yamma ta yi ba rana, ya zaga bayan gida ya shimfiɗa shi a kan ragar bandar Hussaina, tsakanin tarwaɗa da tarwaɗa.

Kifin nan na abincin suna ne. Hussaina ta dawo ta tarar da shi yana warin fetur kamar tasha.

"Malam! Kifin mutane!"

"Ƙamshin aiki ne. Gobe in an kira sunan yaro za ki san wa kike aure."

"Na sani tun yanzu, shi ya sa nike kuka."

Aka mayar da kati yana ɗumi, yana ƙanshin hayaƙi. Aka kunna. Akwati ya fito, ko harafi bai canza ba. Cindo ya mari gefen kwamfutar, don akwai injinan da sai da mari. Ya karkata ta gefe ɗaya. Ya sa aka sauko da gora, ya kawo rauta daf da allo, yana nuna mata. "Ga ta nan! Buɗe ido ki gani!" Wayoyin mutane duk suna kamawa a aljihunsu, kwamfuta kuwa ko a jikinta.

Hussaina ta gaji, ta kira Daniel ta sa kowa na ji. Ya ce ba wani abu ba ne, a zo a karɓi filashin da aka bari a kan tebur, ko a jona wa kwamfutar waya da igiyar caji ta ari netwok ta sauko da direban da kanta. Sai kuma ya ƙara da cewa, "In dai ba a taɓa katin ba."

Kowa a zaure ya juya ya kalli Cindo.

"An ɗan wanke shi," in ji Wakili. "Da fetur. An goge da samfefa. An yi bandarsa."

Daniel ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Gobe Lahadi, in na taso daga coci zan kawo wani."

Cindo ya fizge wayar. "Ba mu buƙata! Kahin ka gama waƙa mun gama suna!" Ya kashe.

Da asuba, an idar da salla ke nan, ya tare Wakili a ƙofar masallaci da idanu jajur. Ya ce ya gano bakin zaren. Wace waya ce a tungar nan ba a taɓa fita da ita ruwa neman sabis ba? Kafin a kawo rauta, duk mai son kira ba kwalekwale yake shiga ya je daidai tsohon kututturen nan da ke fuskantar Yelwa ba? To ita ma kwamfutar sabis ɗin tudu ne ya yi mata kaɗan. In ta sha na ruwa ta ƙoshi, ta kama, sai a lallaɓo da ita gida a hankali kada ya zube.

"Daniel yac ce katin ya mutu," in ji Wakili.

"Daniel ya taɓa shiga ruwa?"

Wakili ya san hauka ne, amma mutum ne da ba ya son a ba shi labari. Ya kwance kwalekwalensa.

Kafin rana ta ɗago, ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga goro da dabino, ga ragon Alhaji Sadiq a ɗaure, wanzami na wasa aska, an fito wa Inna Talatu da kujera an ajiye ta gaban teburin da za a ɗora allo. Sai jama'a suka ga teburin ya tashi. Cindo ne ya ɗauke shi a ka. Bayansa Wakili da janareta, sannan aka dawo aka kwashi akwati da allo, a ƙarshe aka sake tuge goran rauta ɗungurungum.

"Abdulrahman," in ji Inna, "ina za ka da ɗana?"

"Yanzu za ni kawo miki shi, Inna. Ruwa za mu ɗebo shi."

"Jidda za ku?"

"Kusa da nan."

Taron suna ya watse ya koma bakin gaɓa, har mai rago ya jawo ragonsa. Aka jera kaya a kwalekwale: tebur a tsakiya, kwamfuta a kai, janareta a baya, gora a tsaye an ɗaure shi da igiyar taru. Cindo ya tsaya a gaba cikin sabuwar shaddarsa ta suna, yana ɗaga wa mutane hannu. Inji ya tashi bugu ɗaya.

"Kun ji?" ya yi ihu. "Aikina ne! Makon jiya na gyara shi!"

Jin haka Wakili ya laluba ƙarƙashin wurin zama, ya tabbatar filafili na nan.

Ba su kai kututture ba injin ya yi tari ya yi shiru. Daga gaɓa aka ji dariya ta taso ta biyo ruwa. Cindo ya ce da ma nan ya so a tsaya. Ya tada janareta, kwalekwale ya ɗauki rawa, allo ya haska. Ya ɗaga hannu sama yana addu'ar da bai taɓa yi da irin wannan gaskiya ba: Allah, sau ɗaya dai, sau ɗaya a ce Abdulrahman.

Akwatin jan rubutun nan ya fito.

"Matsa gaba!" Wakili ya tuƙa. Akwati. "Juya ta gabas!" Aka juya. Akwati. "Ɗaga goran!" Wakili ya ce hannu biyu Allah ya ba shi, kuma duk suna aiki. Cindo ya rungumi akwatin kwamfutar ya ɗaga shi sama kamar mai nuna wa jama'a kifin gasa, yana juyawa da shi kowace kusurwa. Igiyar wuta ta fizge, janareta ya shaƙe ya mutu.

Daga gaɓa Malam Jabir ya haɗa hannu a baki. "Cindo! Rana ta yi! Rago na jira!"

"Minti ɗaya, Malam! Ta fara gani!"

Ya dire akwatin a bakin tebur, ya taka janareta da ƙafa, ya naɗe igiyar tayarwa a hannu ya ja da dukkan ƙarfin da ya tara na shekarun da ba a yi masa takwara ba. Igiyar nan shi ya ɗaura ta da hannunsa kwanan baya, ya kuma rantse za ta yi shekara. Ta tsinke.

Ya yi baya taga-taga, ya cafki gora don ya tsaya. Gora ya biyo shi. Kan goran ya shafi allo, allo ya ture akwati, akwati ya ja sauran da igiyoyinsu, tebur ya ce ba za a bar shi ba. Tsulum, tsulum, tsulum, sannan babban tsulum na Injiniya da kansa. Wakili kaɗai ya rage a kwalekwale, shi da janareta, ya rungume filafili yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa.

Ɗan bakin ruwa ba ya nutsewa. Cindo ya ɓullo, hula ta tafi, ciyawar ruwa a kunne. Ya nutsa neman kwamfuta, ya fito da taɓo. Ya sake nutsawa, ya fito da takalminsa ɗaya. Wakili ya jefa birgi, tarun jifa, don taimako, ya jawo madannin rubutu da kifi ƙarfasa biyu, ya ce shi dai fitarsa ba ta tashi a banza ba.

Da filafili suka dawo, a hankali. Cindo ya zauna a gaba ya sunkuyar da kai, ruwa na ɗiga daga gemu. Tun daga nesa ya hango jama'a sun bar gaɓa sun koma ƙofar gida. Ya ji guɗa. Ya hango rago a kwance, an gama da shi. An raɗa suna ba shi, kuma ba sai an gaya masa wane suna ba ne. Karo na farko a rayuwarsa ya rasa abin da zai ɗora wa laifi, ko ruwan ma bai iya zargi ba.

Ya so ya zame ta bayan gida, amma takalmi ɗaya mai ruwa ba ya tafiya a ɓoye. Cakal, cakal, kowa ya waiwayo. Aka dare masa hanya ana ƙunshe dariya. Alhaji Sadiq ya miƙo masa hannu yana murmushi, Cindo ya karɓa kamar mai karɓar ta'aziyya.

"Allah ya raya Sadiq," ya ce da ƙyar.

"Amin," in ji Alhaji, "amma ni na riga na rayu. Je ka, Inna na kira."

Inna Talatu na zaune a kujerarta, gaban inda tebur ya kamata ya kasance. A cinyarta jariri ne cikin zani, an yi masa aski. A hannunta kuwa tsohuwar 'yar wayarta ce mai tocila, wadda ba ta san rauta ba, ba ta san kati ba, kuma yau ta ga dama ta kama sabis a tudu.

"Ga shi nan ya hito," ta ce wa wayar. "Jiƙe sharkaf. Yi mai magana."

Muryar Sahabi ta fito 'yar siririya. "Yaya? Ina ta kira ba ta shiga, sai na kira Inna. Malam yac ce ba a barin rago cikin rana."

"Sahabi, ka yi haƙuri. Wata 'yar matsala anka samu ta..."

"An gaya mani. Yaya, wa ya aike ka? Ni tun ran da anka haife shi na yanke suna. Kai ka koya mani iyo, kai ka sai da injinka na farko ka sai mani keken ɗinki. Wa zan sa in ba kai ba? Kwamfutar ga don Inna ta gan ni ne, ni kuma in ga fuskarka in anka faɗa. Ita kaɗai nika so in gani."

Inna ta ɗago jaririn. "Share hannunka. Karɓi takwaranka."

Hussaina ta yafa masa zani a kan jiƙaƙƙiyar shadda. Cindo ya karɓi yaro. Ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Hawaye suka gangaro suka haɗu da ruwan tafki a gemunsa. Wakili ya karɓi wayar ya kai bakinsa.

"Sahabi, tunda ba ka gani, bari in ba ka labarin fuskar. Kamar tarwaɗar da anka hiddo yanzu, baki buɗe, ga ciyawa a kunne. Kuka yake."

"Ruwa ne," in ji Cindo. "Ruwa ne ya shiga mani ido."

Ɗigo ɗaya mai sanyi ya faɗo daga gemun ya sauka a goshin ƙaramin Abdulrahman. Yaro ya yamutsa fuska, ya tsala ihu. Cindo ya jijjiga shi, ihu ya ƙaru. Ya karkata kai ya kasa kunne daidai ƙirjinsa, ya lumshe ido ɗaya, irin yadda yake yi in an kawo masa inji. Sannan ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Kar kowa ya damu," ya ce. "Na gane matsalar."

Ba a taɓa ganin Inna Talatu ta tashi daga kujera da irin wannan sauri ba. Kafin ya rufe baki ta fizge jikanta, Hussaina ta riƙe masa hannun dama, liman ya riƙe na hagu, Wakili kuwa ya ruga rumfa ya ɓoye gwangwanin fetur.